SANYA TSOFAFFIN MANHAJOJI A KAN TSOHUWAR WAYAR SALULA: INDA YAKE DA AMFANI DA INDA YAKE DA HAƊARI

GABATARWA

Babbar wayar salula ta zama abokiyar harkar yau da kullum a birni da karkara. Da ita manomi ke jin farashin hatsi a kasuwannin mako, da ita ɗan kasuwa ke karɓar kuɗin ciniki, kuma da ita ma'aikacin ƙaramar hukuma ke aika rahoto zuwa hedikwata. Sai dai da yawa daga cikin wayoyin da ke hannun jama'a na hannu ne, ko kuma an saye su shekaru da dama da suka wuce. Jikinsu lafiya lau, batirinsu na riƙe caji, amma wata rana sai mai waya ya ga saƙon cewa wata manhaja ba ta dace da wayarsa ba, ko kuma ta ƙi buɗewa sai an sabunta ta, alhali sabuwar ta ƙi hawa.

Shawarar da aka saba bayarwa a shagunan gyaran waya da wuraren caji ita ce a nemo tsohuwar sigar manhajar a sanya. Wannan shawara tana aiki a wasu wurare, a wasu kuma tana iya jawo asarar kuɗi da fallasar sirri. An shirya wannan bayani ne domin jama'a da jami'an ƙananan hukumomi su iya bambance wuraren biyu, su kuma san hanyar da ta fi aminci idan buƙatar hakan ta taso.

DALILAN DA KE SA MANHAJA TA ƘI AIKI A TSOHUWAR WAYA

Kowace waya tana da babbar manhaja guda ɗaya da ke tafiyar da komai a cikinta. A wayoyi irin su Tecno, Itel, Infinix da Samsung, wannan babbar manhaja ita ce Android ta kamfanin Google, a wayoyin iPhone kuwa iOS ce ta kamfanin Apple. Sauran manhajoji duk a kanta suke zaune, kamar yadda ɗaki ke zaune a kan harsashinsa.

Android ta fara fitowa a shekarar 2008, kuma kusan kowace shekara ana fitar da sabuwa: Android 4.4 a 2013, 5.0 a 2014, 6.0 a 2015, 7.0 a 2016, 8.0 a 2017, 9 a 2018, sai 10 a 2019, haka dai har zuwa yau. Kamfanin da ya ƙera waya shi ke da alhakin aika mata sabuwar Android da gyare-gyaren tsaro. Yakan yi hakan na wasu shekaru sannan ya daina, kuma wayoyi masu araha su suka fi saurin rasa wannan kulawa. Daga nan wayar za ta tsaya a inda take, manhajoji kuwa su ci gaba da tafiya.

Akwai manyan dalilai huɗu da ya kamata a sani.

Na farko, kowane mai manhaja yana ƙayyade mafi ƙanƙantar Android da manhajarsa za ta hau, kuma yana ɗaga wannan iyaka lokaci zuwa lokaci. Alal misali, tun daga ranar 24 ga Oktoba, 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da ke ƙasa da Android 5.0, a shekarar 2025 kuma ya daina aiki a kan iPhone 5s da iPhone 6. Kafin nan ya bar wayoyin BlackBerry a ƙarshen 2017, da ƙananan wayoyin Nokia masu tsarin S40 a ƙarshen 2018. Haka kuma, tun daga watan Agusta na 2025 sababbin sigogin Chrome ba sa hawa wayar da ba ta kai Android 10 ba.

Na biyu, manhajoji da yawa ba su kaɗai suke aiki ba, suna magana ne da manyan kwamfutocin kamfaninsu ta intanet. Idan kamfanin ya umarci kwamfutocinsa su daina amsa wa tsohuwar siga, to ko an sanya ta ta hau lafiya, ba za ta yi aiki ba. Kowace sigar WhatsApp tana da wa'adi, kuma da zarar ya cika sai ta nemi a sabunta ta. Shi ma Google ya hana shiga asusunsa daga wayoyin Android 2.3.7 zuwa ƙasa tun ranar 27 ga Satumba, 2021, ya kuma daina sabunta hidimomin Google Play a kan Android 4.4 a shekarar 2023, da Android 5 a shekarar 2024.

Na uku, kafin waya ta amince da wani shafin intanet sai ta duba shaidar da shafin ya gabatar, ta gwada ta da jerin shaidun da aka ajiye a cikinta tun daga masana'anta. Tsohuwar waya ba ta san sababbin shaidu ba. A shekarar 2024 wayoyin da ke ƙasa da Android 7.1.1 suka rasa gadar da ke sa su amince da shaidar Let's Encrypt, wadda ɗimbin shafuka ke amfani da ita. Ya kamata kuma a lura cewa kwanan wata ko agogon waya da ba daidai ba na haddasa irin wannan matsala, don haka shi za a fara dubawa.

Na huɗu, wani lokaci matsalar ba ta tsufan Android ba ce, cikar ma'ajiyar waya ce. Kwashe hotuna da bidiyo zuwa katin memori na iya wadatarwa ba tare da an taɓa kowace manhaja ba.

YADDA ZA A SAN MATSAYIN WAYA

A shiga sashen saitin waya, a gangara zuwa wurin da aka rubuta "About phone". A nan za a ga lambar Android da wayar ke ɗauke da ita. A wayoyin Android 6.0 zuwa sama za a kuma ga kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe da wayar ta samu. Idan wannan kwanan wata ya wuce da shekaru, to wayar ta daɗe ba ta samun kariya daga sababbin hanyoyin kutse. A rubuta waɗannan bayanai biyu a ajiye, domin a kansu duk wani mataki zai dogara.

RABE-RABEN MANHAJOJI GUDA UKU

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ba kowane tsohon abu ne zuma ba. Kafin a sanya tsohuwar siga, sai a duba rukunin da manhajar ta faɗa.

Rukuni na farko shi ne na manhajojin da ke aiki ba tare da intanet ba, kuma ba sa riƙe sirrin kowa. Misalinsu manhajar karatun Alƙur'ani mai girma ko Littafi Mai Tsarki, ƙamus, manhajar lissafi, kalanda da manhajar sauraren karatu ko wa'azin da aka riga aka ajiye a waya. Tsohuwar sigar irin waɗannan takan yi shekaru tana aiki, kuma haɗarinta kaɗan ne muddin daga amintaccen wuri aka samo ta.

Rukuni na biyu shi ne na manhajojin da ke amfani da intanet amma ba su shafi kuɗi ko shaidar mutum ba, kamar na labarai, hasashen yanayi da taswira. Tsohuwar siga na iya yin aiki na wani lokaci sannan ta tsaya. Ana iya gwadawa, amma da sanin cewa maganin wucin gadi ne.

Rukuni na uku shi ne na manhajojin banki da na aika kuɗi, na saƙonni irin su WhatsApp, na imel, na buɗe shafukan intanet, da kuma na aikin gwamnati da ke ɗauke da bayanan jama'a. A wannan rukuni ba a shawartar kowa ya sanya tsohuwar siga, ko ya karɓi manhajar daga wani wuri da ba rumbun Play Store ko App Store ko shafin mai manhajar ba.

HAƊARIN DA KE TATTARE DA AL'AMARIN

Haɗari na farko shi ne na ƙofar da aka riga aka sani. Sabunta manhaja ba don ado kaɗai ake yi ba, sau da yawa toshe wata kafa ce da aka gano masu kutse na iya bi. Da zarar an sanar da gyaran, masu kutse su ma sun san inda kafar take, kuma duk wanda ya koma tsohuwar siga ya sake buɗe ta da hannunsa. A shekarar 2015 an gano wata kafa a Android da aka yi wa laƙabi da Stagefright, wadda ake iya bi ta saƙon bidiyo kawai, kuma bayan ta ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro kowane wata. A watan Mayu na 2019 WhatsApp ya toshe wata kafa da ke ba da damar dasa manhajar leƙen asiri ta hanyar kira, ko da mai waya bai ɗauka ba.

Haɗari na biyu shi ne na jabu. Fayil ɗin manhajar Android, wanda ake kira APK, ana iya buɗe shi a cusa masa mugun abu a sake rufewa, kuma sunansa da tambarinsa ba za su canja ba. A watan Agusta na 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya ba da rahoton samun muguwar manhajar Triada a cikin wata sigar FMWhatsApp, wadda ke iya karanta saƙonnin tes da kuma yi wa mutum rajistar hidimomin da ke cinye kuɗin katinsa. A watan Afrilu na 2021 ma an sami irin wannan a cikin wata sigar manhajar rumbun APKPure. Bugu da ƙari, kamfanin WhatsApp na iya rufe asusun mai amfani da irin su GB WhatsApp da WhatsApp Plus, domin ba nasa ba ne.

Abin da ya sa wannan ya shafi aljihu shi ne, lambar tabbatarwa da banki ke aikowa ta saƙon tes take zuwa. Manhajar da ta sami izinin karanta saƙonni ta sami rabin mabuɗin asusun mutum.

Haɗari na uku shi ne asarar bayanai. Android ba ta yarda a ɗora tsohuwar siga a kan sabuwa, sai an fara cire sabuwar, kuma cirewar na tafiya da abin da manhajar ta ajiye. Akwai kuma wani abin lura a nan. Kowace manhaja tana ɗauke da hatimin mai ita, kuma waya ba ta karɓar sabuntawa sai hatimin ya yi daidai da na wadda ke ciki. Da zarar an cire ta asalin, wayar ba ta da abin da za ta gwada da shi, don haka jabu ma na iya hawa ba tare da wani gargaɗi game da hatimi ba.

MATAKAN DA ZA A BI IDAN YA ZAMA DOLE

Ga manhajojin rukuni na farko da na biyu, ana shawartar a bi waɗannan matakai bi da bi:

1. A fara adana abin da ke da muhimmanci, wato lambobin waya, hotuna da takardu, a katin memori ko a asusun Google.

2. A fara gwada rumbun hukuma. Wasu masu manhaja suna barin sigar da ta dace da tsofaffin wayoyi a Play Store. Ga masu iPhone, tun shekarar 2013 App Store kan ba da damar sauke siga ta ƙarshe da ta dace da wayar, idan asusun mutum ya taɓa sauke manhajar kuma mai ita bai janye tsohuwar ba.

3. Idan ba a samu ba, a duba shafin mai manhajar kansa. Bayan shi akwai F-Droid, wanda ke tara manhajojin kyauta da kowa ke iya bincika yadda aka rubuta su, da kuma APKMirror, wanda ke gwada hatimin fayil da na mai manhajar kafin ya wallafa. Ambaton waɗannan sunaye ba talla ba ne, ba kuma lamuni ba ne cewa babu haɗari. A guji fayil ɗin da aka turo a dandalin WhatsApp ko Telegram, da wanda aka ce an "buɗe" shi domin a sami abin kuɗi a kyauta.

4. A zaɓi siga mafi sabunta da wayar za ta iya ɗauka, ba mafi tsufa ba. A duba mafi ƙanƙantar Android da aka rubuta a jikin fayil ɗin, da kuma nau'in injin wayar: akasarin tsofaffin wayoyi da masu araha suna karɓar fayil mai alamar armeabi-v7a, sababbi kuma arm64-v8a.

5. Idan manhajar da ta zo da waya ce daga masana'anta, ba sai an sauke komai ba. A shiga bayanan manhajar a cikin saiti a zaɓi "Uninstall updates", za ta koma yadda ta zo.

6. A buɗe izinin sanya manhaja daga waje, a sanya, sannan a rufe shi nan take. A wayoyin da ke ƙasa da Android 8.0 maɓalli ɗaya ne a sashen tsaro mai suna "Unknown sources". Daga Android 8.0 zuwa sama kuwa, ana ba da izinin ne ga manhajar da ta sauko da fayil ɗin kaɗai.

7. A karanta izinin da manhajar ke nema. A wayoyin da ke ƙasa da Android 6.0, ana nuna jerin duka lokacin sanyawa, kuma amincewa ɗaya ta ba da su gaba ɗaya. Idan ƙamus ko manhajar tocila ta nemi karanta saƙonni, ganin lambobin waya ko zama mai iko da wayar, a fasa.

8. A bar Play Protect a kunne, wato mai gadin da Google ya sanya a Play Store tun 2017, domin yana bincika har manhajojin da aka sanya daga waje. Idan ana gudun sabuwar siga ta dawo da kanta, a kashe sabuntawa ga wannan manhaja kaɗai, ba ga dukkan manhajoji ba.

9. A sa ido na 'yan kwanaki. Talla da ke faɗowa ko'ina, data ko kuɗin kati da ke ƙarewa ba dalili, zafin waya da manhajojin da ke bayyana da kansu, duk alamu ne na cewa a cire abin da aka sanya.

Game da tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth, ya kamata a sani cewa tun watan Agusta na 2021 sababbin manhajojin Play Store na zuwa ne a gutsuttsure, kowace waya da kason da ya dace da injinta da fuskarta. Saboda haka abin da ya hau wayar maƙwabci na iya ƙin hawa wata. Sannan wanda ya turo ba lalle ne ya san asalin inda fayil ɗin ya fito ba.

WASU HANYOYI DA SUKA FI AMINCI

Ga harkar banki, lambobin da ake dannawa masu farawa da alamar tauraro suna aiki a kowace irin waya, har ƙarama, ba tare da data ba. A karɓi lambar daga bankin kansa. Haka kuma ana duba BVN ta *565*0#, da NIN ta *346#, a kan layin da aka yi rajista da shi. Ga sada zumunta akwai manhajoji marasa nauyi irin su Facebook Lite, wanda ya fito a 2015, da Opera Mini. Sai dai su ma ba su dawwama: an rufe YouTube Go a 2022 da Messenger Lite a 2023, don haka duk wanda ya ce zai sanya wa mutum su yanzu ba gaskiya yake sayarwa ba.

Tsohuwar waya kuma ba ta zama shara ba. Tana iya zama ta karatun yara, ta sauraren rediyo ko ta ɗaukar hoto, a bar harkar kuɗi ga ƙaramar waya mai riƙe da layin banki. Mai niyyar sayen waya ta hannu ya duba lambar Android da kwanan watan gyaran tsaro kafin ya biya kuɗi, domin kyan jiki ba ya nuna sauran kwanan waya.

JAN HANKALI GA JAMI'AN ƘANANAN HUKUMOMI

Ma'aikatan lafiya, malaman gona da masu tattara bayanai da manhajoji irin su ODK Collect da KoboCollect suna riƙe da sunaye, lambobin waya da wasu lokuta bayanan lafiyar jama'a. Wannan amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa masu riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Don haka kada jami'i ya cire manhajar aiki alhali akwai fom ɗin da bai aika ba, domin zai iya salwanta. Kada kuma ya kai wayar aiki shago a sanya mata wata siga. Idan manhajar ta daina hawa, sai ya sanar da shugaban sashensa a rubuce, tare da sunan wayar da lambar Android ɗinta. Yana da kyau kowane sashe ya ajiye jerin wayoyin aikinsa da matsayin kowace, domin a san waɗanda suka kusa fita daga aiki kafin ranar gangami ta zo.

Ana kuma roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai da shugabannin ƙungiyoyin masu gyaran waya da su taimaka wajen isar da wannan saƙo, musamman ga dattawa da mata waɗanda kan miƙa wayarsu ga wani ya yi musu gyara. Mai kai waya gyara ya cire layinsa da katin memori idan wayar za ta kwana, kada kuma ya faɗa wa kowa lambar sirrinsa ta banki ko lambar da aka aiko masa ta saƙo.

IDAN AN RIGA AN CUTU

Wanda ya ga an taɓa masa kuɗi ya tuntuɓi bankinsa nan take domin a rufe asusun, ya canja lambobin sirrinsa ta wata wayar dabam, sannan ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Idan banki bai warware ƙorafin ba, ana iya ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Ƙorafin da ya shafi cire kuɗin kati, idan kamfanin layi bai magance shi ba, ana kai shi ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta lambar kyauta 622. Wayar da ta kamu kuma a kwashe hotuna da takardunta, a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta.

KAMMALAWA

Rashin halin sauya waya ba laifi ba ne, kuma tsawaita amfanin abin da ke hannu tattali ne abin yabo. Abin da ake buƙata shi ne sanin iyaka: tsohuwar siga ta dace da karatu, lissafi da saurare, amma ba ta dace da inda kuɗi, saƙonni da bayanan jama'a suke ba. Ana kira ga jama'a da su yi tambaya kafin su sanya, su kuma riƙa duba matsayin wayoyinsu lokaci zuwa lokaci, domin rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da mutuncinmu, amin.